Lacca A Kan Kashe Faifan Shafa Na Kwamfuta Kashewa Ta Dindindin





Mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta a yammacin nan, wanda ya ji ta daga nesa zai ɗauka ba ta kai a tara dattawa dominta ba. Amma wanda ya taɓa zama tun bayan sallar isha'i yana buga takardar da za a karɓa da safe, ya sunkuyar da kai yana bin haruffa, sa'an nan ya ɗaga ido ya tarar rabin jimlarsa ta faɗa cikin wani sakin layi da ya gama tun ɗazu, ko kuwa ya tarar shafi guda ya yi shuɗi ya ɓace da bugun harafi ɗaya, wannan ya san abin da ke cinye wa mutum dare, ya ɓata masa aiki, ya dagula masa zuciya, bai cancanci a raina shi ba. Abin da nake nufi shi ne ɗan filin nan mai santsi da ke shimfiɗe gaban maɓallan rubutu na kwamfutar tafi-da-gidanka, wanda ake shafawa da yatsa kibiya ta yi tafiya a kan allo. Masu gyara suna ce masa tacfad, ni kuwa zan riƙa kiransa faifan shafa, domin sunan ya faɗi aikinsa. Tambayar da aka sha kawo mini ita ce: yaya mutum zai kashe shi, ya kuma tabbata gobe da jibi ba zai farka ba?

Ya kamata mu fara sanin yadda aka yi ya zo ya zauna inda yake zaune, domin rabin fitinarsa daga mazauninsa take. Linzamin kwamfuta, wanda ake riƙewa a hannu ana ja a kan tebur, Douglas Engelbart ne ya nuna shi ga jama'a a birnin San Francisco na Amurka ranar 9 ga Disamba, 1968, kuma shi abu ne mai bukatar tebur. Da aka zo ana ƙera kwamfutar da matafiyi zai ɗora a cinyarsa cikin jirgi ko mota, sai ya zama dole a nemo abin da zai maye gurbin linzami a jikin injin kansa. A shekarar 1991 kamfanin Apple ya fito da PowerBook, ya tura maɓallan rubutu can baya kusa da allo, ya bar fili a gaba domin mai rubutu ya jingina tafukan hannunsa, ya kuma dasa wata ƙwallo a tsakiyar filin wadda ake murzawa da babban yatsa. Kamfanin IBM ya bi wata hanya dabam a 1992, ya kafa ɗan jan tsinke tsakanin haruffan G da H da B a kan ThinkPad. Ana cikin haka wani injiniya mai suna George Gerpheide, wanda ya kafa kamfanin Cirque a jihar Yuta, ya ƙirƙiro faifan da ke jin yatsa ba tare da wani abu mai juyawa ba, kuma a 1994 PowerBook 500 ta fito da faifan shafa a gurbin ƙwallon nan. Tun daga wannan lokaci kusan dukan maƙera suka bi sahu, har ya zama faifan yana zaune a daidai wurin da aka tanada domin hutun tafin hannu, kuma aka yi ta ƙara masa faɗi. Wanda ya shimfiɗa tabarmarsa a bakin ƙofa, lalle ne a riƙa taka ta.

Amma yadda yake aiki, wannan shi ne abin da nake roƙon ku ku ba ni hankalinku a kansa, domin duk hukuncin da za mu yanke nan gaba a kansa aka gina shi. A ƙarƙashin santsin nan akwai siraran layuka na ƙarfe mai ɗaukar lantarki, waɗansu a tsaye waɗansu a kwance, kamar zaren saƙa, kuma ana sakar musu wata 'yar wuta mai rauni ƙwarai wadda jiki ba ya ji. Jikin ɗan Adam kuwa, da yake galibinsa ruwa ne mai gishiri, yana ɗaukar lantarki, saboda haka idan yatsa ya kusanci wata mahaɗa ta layukan sai ya janye kaɗan daga cikin cajin da ke wurin, wata ƙaramar na'ura kuma tana kewaya mahaɗun sau da yawa cikin kowace daƙiƙa tana auna inda aka sami tawaya, ta ce yatsa yana nan. Shi ya sa in ka shafa shi da fensir ko da hannun babbar riga ba zai motsa ba, amma in ka dawo daga alwala hannunka da lema, ko gumin watan Afrilu ya ɗiga a kansa, sai kibiya ta rikice. Shi faifan ba ya rarrabe yatsa da gindin tafin hannu da ɗigon ruwa. Manhaja ce ke kintace, ta dubi faɗin abin da ya taɓa da kuma ko ana cikin bugun haruffa, ta yi zato, zato kuwa wani lokaci ya dace wani lokaci ya kuskure.

To, malamanmu na fiƙihu sun koya mana cewa ba a yanke hukunci sai an san illa, kuma wannan ƙa'ida ba ta tsaya ga zauren karatu kaɗai ba. Mutane uku za su zo da kuka iri ɗaya, kowa ya ce kibiyarsa tana tsalle, alhali ciwonsu ba ɗaya ba ne. Na farko lafiyar injinsa ƙalau, tafin hannunsa ne ke gogar faifan, kuma shi ne mai cikakken haƙƙin ya kashe shi ya huta. Na biyu kuwa laifin cajarsa ne. Cajar da aka yi da araha, ko wutar janareta mai hawa da sauka, ko soket ɗin gidan da ba a haɗa masa wayar ƙasa ba, suna shigar da hayaniyar lantarki cikin injin, faifan kuwa da yake ma'auninsa na da tsananin laushi sai ya ɗauki hayaniyar nan a matsayin taɓawa. Gwajin wannan ba ya cin ko kwabo: zare caja, ka bar injin a kan batir, in kibiya ta natsu ka san inda ɓarakar take, kuma maganinka caja ta ƙwarai ce.

Na uku shi ne wanda nake jin tsoro dominsa. Wani abokin aikina, malami ne mai yawan rubutu, ya taɓa kawo mini injinsa yana neman in kashe masa faifan, ya ce yana danna kansa da kansa, kuma wani mai gyara ya gaya masa ya sayi linzami kawai ya manta da shi. Da na ɗora injin a kan tebur na dube shi ta gefe, sai na ga faifan ya ɗago sama da sauran jikin, murfin ƙasa kuma ya buɗe baki kaɗan a kusurwa. A injuna masu yawa batir yana kwance ne daidai ƙarƙashin faifan shafa, batirin litiyam kuwa idan ya tsufa, ko zafi ya dafa shi, ko aka bar shi kullum a jone da wuta, yakan tara iska a cikinsa ya kumbura, ya tura duk abin da ke samansa. Ruwa ba ya tsami banza. Faifan nan da malamin yake so a rufe wa baki, shi ne kaɗai ke shaida masa cewa akwai abin da zai iya kamawa da wuta a kan cinyarsa. Da an kashe shi an sallame shi, da an ɗauke masa alamar an bar masa cutar. Irin wannan batir ba a huda shi, ba a danne shi, ba a ci gaba da yi masa caji, ba a kuma jefa shi cikin sharar da za a ƙona. A cire shi a hannun wanda ya iya, a sa wani. Mu da muke zaune a ƙasar da zafin bazara ke haura daraja 40, kuma galibin injunanmu na hannu ne da suka yi shekarunsu a Turai ko Amurka kafin su iso kasuwannin Ikeja da titin Beirut na Kano, wannan gargaɗi ya fi shafarmu a kan waɗanda suka ƙera injin.

Idan an tabbata ba caja ba ce, ba kuma batir ba, to, sai a zo ga kashewa. Abin da ya sa mutane ke kashe shi yau su tarar da shi a raye gobe shi ne rashin sanin cewa iko a cikin kwamfuta hawa-hawa ne, kamar yadda hukuncin mai unguwa ke ƙarƙashin na dagaci, na dagaci ke ƙarƙashin na hakimi. Kowane mataki yana iya warware abin da na ƙasa da shi ya ƙulla, saboda haka gwargwadon girman ikon da ka yi amfani da shi, gwargwadon daɗewar kashewar.

Mafi ƙanƙantar iko shi ne na maɓalli. A jerin sama na maɓallan, akwai wanda aka zana wa hoton faifan da aka soke, ana danna shi tare da maɓallin Fn. A waɗansu injunan HP kuwa ana ƙwanƙwasa kusurwar hagu ta sama sau biyu, wata 'yar fitila ta kama. Wannan na biyan bukatar sa'a guda ne, domin a injuna da yawa yana komawa yadda yake da zarar an sake kunnawa, kuma yaro na iya warware shi da kuskure.

Sama da shi akwai saitin manhaja. A Windows 11 ana shiga Settings, a zaɓi Bluetooth & devices, a zaɓi Touchpad, a kashe. A Windows 10 ƙofar sunanta Devices. A nan kuma akwai wani zaɓi da nake ganin shi ne mafi alheri ga mafi yawan jama'a, wanda ke cewa a bar faifan a kunne ko da an jona linzami. Idan ka cire alamar da ke jikinsa, faifan zai yi shiru muddin linzami na jone, ya kuma dawo da kansa ranar da ka manta linzamin a gida. Masu MacBook suna da irin wannan a sashen Accessibility. Sai dai a lura da abu biyu. Wannan shafi cikakke ana samunsa ne a injunan da ke bin tsarin da Microsoft ya kawo tare da Windows 8.1 a 2013, tsofaffin injuna kuwa, masu direban Synaptics ko ELAN ko Alps, nasu saitin yana ɓoye cikin Control Panel a ƙarƙashin Mouse. Na biyu, saitin na mai asusun da ya yi shi ne, don haka idan matarka ko ɗanka suna da nasu asusun a injin, su faifansu na nan a raye.

Daga nan sai matakin direba, inda na ga an fi yin kuskure. Direba wata 'yar manhaja ce da ke tafinta tsakanin faifan da Windows. Mutum yakan buɗe Device Manager, ya nemo faifan a ƙarƙashin Mice and other pointing devices ko Human Interface Devices, ya ga kalmomi biyu, Uninstall da Disable, sai zuciyarsa ta raya masa cewa tumɓukewa ta fi dakatarwa ƙarfi, ya zaɓi ta farko. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba, domin ɗabi'ar Windows ce duk sa'ad da ta tashi ta ƙidaya gaɓoɓin injin, in ta tarar da wata gaɓa ba tafinta sai ta naɗa mata wani nan take ba tare da shawara da kai ba. Amma idan ka zaɓi Disable, ka bar tafintan a kujerarsa ke nan ka rubuta umarni cewa kada ya yi magana, kuma Windows tana kiyaye wannan umarni bayan an sake kunnawa, ga kowane mai asusu. Duk da haka babban sabuntawa, irin wanda ke sauya direbobi, yakan iya share umarnin, sai ka koma ka sake. A kuma yi hattara kada a dakatar da linzamin waje a maimakon faifan. Hanyar rarrabewa ita ce ka zare linzamin ka ga wane suna ya ɓace daga jerin.

Ɗalibanmu masu aiki da Linux su ma suna da nasu tuntuɓen. Umarnin xinput yana kashe faifan nan take, amma ƙarfinsa na ƙarewa da ƙarewar zaman, kuma ba ya cin faifan a ƙarƙashin Wayland, wanda Ubuntu ta mayar tsarinta na asali tun 2021. Saitin Mouse & Touchpad ya fi shi daɗewa. Wanda kuma ya kai ga hana direban psmouse tashi gaba ɗaya, ya sani a kan ThinkPad jan tsinken nan ma zai iya mutuwa tare da shi.

Hakimin duk waɗannan shi ne BIOS, wanda a sababbin injuna ake kira UEFI, watau 'yar manhajar da ke zaune a jikin babban allon ciki, wadda ke farkawa kafin Windows ko Linux su san gari ya waye. Ana shigarta da danna wani maɓalli a daidai lokacin kunnawa: F2 a galibin Dell da ASUS, F1 a ThinkPad, F10 a HP. A ASUS za ka sami layin da aka rubuta Internal Pointing Device, a ThinkPad kuwa yana cikin Config, a ƙarƙashin Keyboard/Mouse. Idan aka kashe shi a nan, manhajar da ke sama ba za ta ma san an halicci faifan ba, balle ta nema masa tafinta, kuma ko an goge injin an sake zuba masa sabuwar Windows, hukuncin na nan daram. Wannan, a ganina, shi ne ya fi cancanta da sunan dindindin ga wanda ba ya son a kwance masa inji, domin ya haɗa ƙarfi da sauƙin komawa. Aibinsa shi ne ba kowane maƙeri ya sa wannan layi ba, kuma idan aka sabunta BIOS ɗin ko aka mayar da shi saitin masana'anta, faifan yakan farka. Nasihata ga wanda ya shiga wurin nan ita ce ya taɓa abin da ya kawo shi kaɗai, ya adana, ya fita, domin a maƙwabtan layin nan akwai saitunan da in an jirkita su injin ba zai tashi ba sam.

Abin da ya rage shi ne raba faifan da injin a zahiri. Wata siririyar waya ce mai faɗi, kamar zaren kaset, wadda masu gyara ke kira fileks, ta taso daga faifan ta shiga wani ɗan baki a kan babban allo, an danne ta da ɗan marfi da bai kai ƙwayar shinkafa kauri ba. Ana kashe injin, a zare caja, a raba batir, sa'an nan a ɗaga marfin da farce a hankali, a zaro wayar, a rufe bakinta da salatif don kada ta taɓa wani ƙarfe. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe har riga na tartsatsi, wajibi ne mai aikin ya taɓa wani ƙarfe da ke haɗe da ƙasa kafin ya sa hannu, domin wutar jikin nan da ba ta kashe ko ƙuda tana iya ƙona na'urar da ke kan allon. Na ce a zaro, ban ce a yanke ba. Yanke wayar ɓarna ce da israfi, tun da zarewa ta biya bukata. Kuma kafin a zare, a bincika me ke bin wannan waya, saboda a injuna da yawa maɓallan dannawa na hagu da dama ta nan suke wucewa, a waɗansu MacBook kuwa, kamar MacBook Pro mai inci 13 ta 2015, har saƙon maɓallan rubutu ta wayar faifan yake bi, wanda ya zare ta ya rasa rubutun baki ɗaya, garin neman gira ya rasa ido. Wanda injinsa ke cikin wa'adin garanti ya karanta sharuɗɗansa tukuna, wanda kuma injin na ma'aikata ne ya tuna amana ce a hannunsa, ba a buɗe ta sai da izini.

Na san akwai masu manna kwali a kan faifan su huta, kuma yana aiki, domin kauri na raunana jin da yake yi. Sai dai tsakanin allo da maɓallan babu sarari idan an rufe murfi, kwali mai kauri na iya fasa gilashin da ya fi faifan tsada nesa ba kusa ba.

Duk matakin da mutum ya zaɓa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ya tanadi linzami mai waya tun kafin ya kashe, domin mara waya batirinsa na ƙarewa, mai Bluetooth kuma sau da yawa ba ya aiki a cikin BIOS. Ya kuma koyi tafiyar da injin da maɓallai kaɗai: maɓallin Windows tare da I yana buɗe Settings, tare da X yana fito da jerin da Device Manager ke ciki, Tab yana tsallakawa daga wuri zuwa wuri, kibiyoyi huɗun nan suna hawa da sauka, Enter yana zartarwa. Wanda ya riƙe waɗannan, ko linzaminsa ya mutu yana tsakiyar aji ko ɗakin jarrabawa, zai iya komawa ya tayar da faifan cikin minti biyu.

Saura magana ɗaya, wadda ta shafi ciniki. Injunanmu ba sa mutuwa a hannun mai su na farko, daga wa suke zuwa ƙane, daga malami zuwa ɗalibi, daga nan zuwa teburin dillali. Wanda ya kashe faifai a BIOS ko ya zare wayarsa, sa'an nan ya sayar bai faɗa ba, ya jefa mai saye cikin ɗayan hasara biyu: ko dai ya biya mai gyara kuɗin sabon faifai alhali nasa lafiyayye ne, ko kuwa, idan dama don lalacewa aka kashe shi, ya sayi aibin da aka ɓoye masa, abin da shari'a ta kira algus, ta kuma ba mai saye zaɓin mayar da haja saboda shi. Abin da ni nake yi, nake kuma roƙon ku ku yi, shi ne a rubuta a 'yar takarda ranar da aka kashe, da matakin da aka kashe a kansa, da dalilin kashewar, a manna ta a ƙarƙashin injin inda duk wanda ya juya shi zai gani.

A nan zan dakata domin masu tambaya.